Garin Neman Ƙiba: Darasi A Kan Jiki, Abinci Da Bakin Mutane

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a Sharada ko Bompai da misalin ƙarfe shida na yamma, sa'ad da masu aikin rana suke fitowa, masu aikin dare kuma suke shiga, ya riga ya ga mutanen da wannan darasi ya shafa. Da yawa daga cikinsu namu ne, benci ɗaya muke zama ranar Lahadi. Akwai 'yan mata masu ƙunsa alewa da biskit, akwai samari masu tsaron injin narka roba, akwai magidanta masu fama da fatu da ƙiraga a majemun Challawa. Ba su da gona a birnin nan, ba su da rumfa a kasuwa. Jarinsu ɗaya ne tak, shi ne jikinsu. Wanda ake biya kuɗin yini kuwa ya sani sarai, ranar da jiki ya ƙi tashi, ranar tukunya ba za ta hau murhu ba.

Domin haka ya kamata mu yi magana a fili a kan wani abin da muka daɗe muna gani muna kau da kai, watau yadda 'ya'yanmu da ƙannenmu suke lalata wannan jari da hannunsu, har suna biyan kuɗi a kai, don su sami siffar da za ta rufe bakin mutane.

Bari mu soma da labarin wata yarinya daga cikinmu, ba tare da ambaton sunanta ba. Tana aiki a wani kamfanin robobi, a tsaye take yini. Da ta je gida bikin Kirsimeti, goggonta ta dube ta a gaban jama'a ta ce, "Ke 'yar nan, Kano ba ta karɓe ki ba ne? Dubi yadda kika koma kamar tsinke. Wane namiji zai kalle ki haka?" Aka yi dariya. Da ta dawo, wata ƙawarta ta kai ta wurin mai sayar da magani, aka ƙulla mata ƙwayoyi iri biyu a leda, ba kwali, ba suna. Kafin wata biyu fuskarta ta cika, kumatu suka fito. A bakin majami'a mu da kanmu muka riƙa ce mata, "Kai, kin yi kyau, kin murje!" Bayan wasu watanni ƙafafunta suka kumbura, maruru suka fito mata suka ƙi warkewa, ciwon ciki ya hana ta sakat. Sau biyu heluma ya same ta tana gyangyaɗi a gaban inji, a na uku aka sallame ta. A asibiti aka auna jininta aka tarar sukari ya hau. Goggonta ce ta fara maganar, amma mu da muka yaba muna da namu kason a cikin abin da ya same ta.

Dalilin da ya sa muke tsoron rama

A wurinmu ƙiba ta daɗe tana nufin rufin asiri. Matar da ta yi ɓul-ɓul, mijinta aka yaba. Magidancin da ya aje tumbi, sai a ce kasuwa ta buɗe. Ba mu kaɗai ba ne. Kabilar Efik ta Kalaba tana da al'adar killace budurwa a ɗaki a yi ta ciyar da ita kafin aure, a ƙasar Muritaniya kuma an san al'adar ɗura wa 'yan mata madara da abinci har su yi jiki. Inda yunwa take kusa da ƙofa, ba abin mamaki ba ne mutane su ɗauki tsoka a matsayin shaidar arziki.

Sa'an nan wani tsoro ya ƙaru a kan wannan. A shekarar 1986 aka ba da rahoton farko na cutar nan mai karya garkuwar jiki a Nijeriya, sunan da Bahaushe ya laƙaba mata kuwa, ƙanjamau, daga ƙanjamewar jiki aka samo shi. Tun daga lokacin ramammen mutum ya zama abin zargi. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da yadda ake raɗa a bayan duk wanda wandonsa ya yi masa yawa. Yau akwai maganin da ke riƙe cutar, masu shansa suna rayuwa da ƙarfinsu da jikinsu, amma raɗar ba ta mutu ba.

Alhali kuwa ramar ma'aikaci sau da yawa ba ta da wani asiri. Mutum ya karya da koko da ƙosai biyu, ya tsaya a gaban inji cikin zafi tun safe, da rana ya ci garau-garau na ɗan abin da aljihu ya iya, ya taka da ƙafa zuwa Dakata ko Panshekara don ya rage kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin abinci da na mota suka yi tashin gwauron zabo, ƙarin albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 da aka yi a 2024 kuma bai cike giɓin ba. Abin da irin wannan jiki yake nema shi ne abinci da barci. Ƙwaya ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke cikin ledar

Ƙwayoyin da 'yan gari suke kira sha-ka-fashe yawanci haɗin magani biyu ne, kuma yana da kyau kowane iyaye su san sunayensu.

Na farko shi ne deksametazon, wanda ake taƙaitawa a ce deksa. Magani ne na ƙwarai a hannun likita. Ana ba da shi ga mai asma da numfashi ya sarƙe masa, da mai kumburi a ƙwaƙwalwa, a shekarar 2020 ma masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka nuna yana ceton ran masu cutar korona da ta yi tsanani. To, ina aibinsa? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da take fitar da wani sinadari mai suna kotizol, wanda yake daidaita sukari da gishiri da bugun jini, yake kuma taimakon jiki ya jure wahala. Deksa kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai ya fi shi ƙarfi wajen sau 25. Idan mai lafiya ya yi ta shansa kullum, jiki yakan riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da ƙeya da ciki, naman hannu da na cinya kuwa ya riƙa zagwanyewa. Shi ya sa za ka ga fuska kamar faranti, ciki ya fito, amma ƙafafu sun sirance, mai su ma da ƙyar take tashi daga tsugune. Wani likitan Amurka mai suna Habi Kushin ya bayyana wannan kama tun 1932 a matsayin ciwo. Abin da likitoci suke rubutawa a littafin cututtuka, shi muke kira murjewa a bakin majami'a.

Bayan haka sai sauran su biyo: hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki, laushin ƙashi, yanar ido, rikicewar al'adar mata, da jajayen layuka a fatar ciki da cinya waɗanda ba sa ɓacewa. Garkuwar jiki takan yi rauni, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Mai aiki da ruwan jima ko wuƙar yankan roba ya san sau nawa hannu yake yankewa a mako.

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan ɓoyuwa, muna roƙo a karanta wannan sashe sau biyu. Sa'ad da jiki ya ga ana ba shi deksa daga waje, 'yan tsokar nan na saman ƙoda sukan daina aikinsu, su yi barci. Idan wadda ta yi watanni tana sha ta tsorata ta daina rana ɗaya, jiki ba shi da na waje, ba shi da na ciki. Sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, har ta kai ga suma ko rasa rai. Saboda haka idan kun gano 'yarku tana sha, kada ku ƙwace ku zubar a masai cikin fushi. Likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan har jiki ya farka ya karɓi aikinsa.

Na biyu shi ne saifurohebtadin, maganin ƙaiƙayi da mura irin ta borin jini, wanda yake buɗe ciki ya sa cin abinci. Shi ne yake cikin ruwan maganin nan Apetamin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, ta ambaci jiri, barci, da lahani ga hanta. Barcin nan shi ya fi damunmu a nan. Wadda take zaune a gida ta yi gyangyaɗi, ba abin da ta rasa sai hira. Wadda take tura roba a bakin injin niƙa ta yi gyangyaɗi, yatsu ne a bakin ƙarfe.

Hukuma ba ta zauna haka kawai ba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari, domin a mai da masu sayar da sari sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, a kan hanyar Zariya. Amma muddin akwai mai nema, ba za a rasa mai ƙullawa a leda ba. Mai neman kuwa a gidajenmu take kwana.

Wani abu kuma: rama takan zama ƙararrawar da jiki yake bugawa. Tarin fuka yana ramar da mutum, haka ciwon sukari, da tsutsar ciki, da ciwon maƙoƙo, da baƙin cikin da ya daɗe. Wanda ya rufe irin wannan rama da deksa ya kashe ƙararrawa ne ya bar gobara tana ci, gama deksa yana ƙara wa tarin fuka da ciwon sukari ƙarfi. Gwajin tarin fuka da maganinsa kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Nan ne karin maganar nan ta kakanninmu take cika, garin neman ƙiba a samo rama.

Iska ta juya

Yayin da wasu suke neman cika, ƙannensu sun soma neman akasin haka. Wayar hannu ta kawo musu hotunan mata masu ɗamammen ciki, hotunan da yawancinsu an gyara su da na'ura, babu mai irin wannan jiki a duniya. Yanzu yarinya guda za ta so ƙugu ya cika, ciki kuma ya lafe, ta sha wannan da safe, ta sha wancan da dare.

Kada mu ce wannan ciwon Turawa ne. A tsibirin Fiji da ke tekun Fasifik, mutane suna son cikar jiki kamar yadda muke so. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu mai suna Nadroga. Wata likita daga Jami'ar Habad, An Beka, ta yi wa 'yan matan makaranta tambayoyi a shekarar, ba ta sami ko ɗaya da take jawo amai don rage jiki ba. Da ta koma a 1998, kimanin 11 cikin 100 suka ce suna yi. Shekara uku kacal, da akwatin talabijin. Abin da ke hannun 'ya'yanmu ya fi talabijin kusa, da shi suke kwana.

Likitoci sun san manyan ciwo biyu a nan. Na ɗaya shi ne anoreksiya, sunan da likitan Ingila Wiliyam Gol ya ba shi a 1873: mutum ya ƙuntata wa kansa abinci har ƙashi ya fito, amma in ya dubi madubi ƙiba yake gani. Na biyu bulimiya, wanda Jeral Rasel ya bayyana a 1979: mutum ya ci abinci mai yawa a ɓoye, kunya ta kama shi, ya je ya jawo amai ko ya sha maganin gudawa. Mai bulimiya sau da yawa jikinsa daidai yake a ido, shi ya sa ake shekara ba a gane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne suke fama da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba. Ciwo ne da yake kama tunani da jiki tare, yana kisa, yana kuma warkewa idan an tare shi da wuri. Maza ma yana kama su.

Shayin rage tumbi da ake talla shi ma sai an yi hattara. Da yawansa ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari. Abin da yake fita ruwa ne, kitse yana nan inda yake. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yake kai maki 40, a ƙarƙashin rufin kwano kusa da inji, wanda ya ƙara wa gumi gudawa yana wasa da ƙodarsa, gishirin da zuciya take bugawa da shi kuma yana zuba. An kuma sha kama magungunan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, ashe an cusa musu sibutiramin, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki.

Ba muna cewa ƙiba ba ta da illa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, 12 cikin 100 ramammu ne, 28 cikin 100 kuma nauyinsu ya wuce kima. Duka biyu suna nan a cikinmu. Amma ido ba sikeli ba ne, bakin goggo kuma ba likita ba ne. Ga awo mai sauƙi ga baligi: a ɗauki igiya a auna tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki wajen cibiya. In ta zagaye, ba laifi. In ta kasa, lokaci ya yi da za a rage lemon kwalba da sukarin shayi da soye-soye, a ƙara wake, zogale da ganye, a kuma je a auna jini. Macen da tsawonta ya kai mita 1.6, nauyin da ya dace da ita yana tsakanin kilo 47 da 64. Dubi faɗin wannan fili. Mata biyu za su bambanta da kilo 15, dukansu kuwa lafiyarsu ƙalau.

Azumi ba mafaka ba ne

Dole mu taɓa wannan, gama a nan ciwon yakan sa rigar ibada. Yarinyar da take gudun abinci ta san ba wanda zai tsawata mata idan ta ce azumi take yi, sai ma a yabe ta. Abin da dokar Ikilisiya ta 1983 ta ɗora mana kaɗan ne: azumi ranar Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, ga wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60, ƙaurace wa nama kuma daga shekara 14. Azumin ma ba yini da yunwa ba ne, ana cin cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu. Marar lafiya, da mai ciki, da mai shayarwa, ba a ɗora musu ba. Mai fama da ciwon ƙin abinci marar lafiya ne, horon da ya dace da ita shi ne ta zauna ta ci abin da aka sa mata.

Wani zai ce, ai Tsarkakkiya Katarina ta Siyena ta yi shekaru kusan ba ta cin komai. Gaskiya ne, ta kuma rasu a 1380 tana da shekara 33. Amma masu ba ta shawara ta ruhaniya sun umarce ta ta ci, ita da kanta ta kira rashin cin nata rashin lafiya, ba ta kuwa koya wa kowa ya bi ta a wannan ba. Ikilisiya tana girmama ta saboda ƙaunarta ga matalauta da marasa lafiya da kuma hikimar koyarwarta. Duk wanda yake so ya ƙara azumi a kan abin da aka umarta, ya fara shawartar Fada. Idan kuwa a zuciyarsa sikeli yake dubawa, ya faɗa wa Fada wannan ma.

Abin da ya rage gare mu

Aikin farko a bakinmu yake. Mun saba gaisuwa da awon jiki: "Kin rame," "Ka yi ƙiba," "Me kike ci haka?" Mai faɗa ya manta kafin ya kai gida, mai ji kuwa da ita za ta kwana. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku da kuke shirya 'yan mata domin aure, ku ne kuka fi kowa iko a nan. Idan uwa ta ce amarya sai ta ciko kafin biki, ta san inda za a je a nemo cikowar cikin mako shida. Samari kuma masu yi wa 'yan mata laƙabi a ƙofar kamfani, da mazan da suke gwada matansu da hoton waya, su san cewa maganarsu tana da farashi, wata ce take biya da ƙodarta.

Na biyu, mu buɗe ido a gida. Fuskar da ta cika cikin 'yan makonni alhali hannu da ƙafa ba su ƙaru ba, yawan barci da rana, ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, ƙwayoyi marasa kwali a jaka. Ko kuma yarinyar da kullum ta ce ta riga ta ci, wadda take shiga bayan gida da zarar an gama cin abinci, wadda al'adarta ta ɗauke, take jin sanyi cikin zafi, take sa manyan kaya don ta ɓoye jikinta. In kun ga haka, kada a tara mata jama'a, kada a yi mata wa'azi a gaban ƙannenta. Mutum ɗaya da ta amince da shi ya zauna da ita a keɓe, ya tambaye ta a hankali, ya saurara fiye da yadda zai yi magana.

Sa'an nan a raka ta asibiti, kada a tura ta ita kaɗai. Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da likitocin da za su auna sukari da hawan jini su tsara yadda za a janye deksa. Ciwon ƙin abinci kuwa aikin likitocin tunani ne, akwai su a Asibitin Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace. A tafi da ledar maganin ko kwalbar yadda take, a gaya wa likita tun yaushe aka fara sha, guda nawa a rana, da ranar da aka sha na ƙarshe.

Yarinyar da muka ba da labarinta haka aka yi mata. Wata uwa daga Zumunta ce ta riƙa raka ta. Wata huɗu aka ɗauka ana rage mata ƙwayar kafin a tsayar, kumburin fuskar ya saɓe, sukarin ya sauka. Layukan da suka fito mata a ciki suna nan. Ta sami aiki a wani kamfanin a Bompai, ta koma siririya kamar yadda mahaifiyarta take, Kirsimetin bana kuma ta ce ba za ta je gida ba tukuna.